Teburin Madam Linda

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a Islamiyyarmu ta matan aure a tambaye ni, har Yaya Abu mai ƙosai ta tsare ni a bakin kasko wai sai na faɗa mata ko da gaske a gidan Turawa na zauna. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya kai gida na gaba, don jiya na ji wai gobara na tayar a Saudiyya. To ga shi na rubuta da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. Wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta.

Da farko dai, Riyad ba Makka ba ce. Masu jiran zamzam ku yi haƙuri, tsakaninsu tafiyar yini guda ce a mota. Wankan jego ne ya kai ni. Autata Kulu ce ta haihu, namiji, ba ta da kowa a can sai mijinta. Shi mijin ba na faɗin sunansa, sunan marigayi mai gidana gare shi, Injiniya nake cewa kamar yadda 'yan unguwa ke kiransa. Aikinsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda mu muke cewa esi, su kuma can suna cewa mukayyif. Ku riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Kun san ni, ko Kano sai in shekara biyu ban leƙa ba. Ranar tafiya motar Haɗeja ta yi faci a Gujungu, muka zauna a ƙarƙashin bishiya ina rungume da jakata kamar za a ƙwace. Abin da ke ciki kuwa: busasshen ganyen darbejiya na wanka, kanwa, garin kunu, yaji, daddawa, kuka, da turaren wuta.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata yarinya 'yar Damagaram, za ta wurin mijinta mai karatu a can. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta buɗe mini abincin, wanda in kika ba mai jego shi sai ta yi miki kuka. Na shiga banɗaki na danna abin da ta ce in danna, ya yi wata irin zuƙa, na fito ina salati ina duba ko zanena yana jikina.

A filin jirgin sama na Sarki Khalid na'urar ɗaukar hoton yatsu ta ƙi karɓar nawa. Shekara arba'in ana wanke-wanke da tuƙin tuwo, ina zanen yatsa zai tsaya? Sai da ma'aikacin ya shafa mini wani ɗan mai sannan ta yarda da ni. Gaba kaɗan aka buɗe jakata, wani matashi ya ɗago dunƙulen kanwa yana juya shi, yana tambaya da Larabci. Ban da bakin yi masa bayani, sai na gutsuri kaɗan na sa a baka na tsotsa. Ya dube ni, ya dubi abokinsa, ya ce, "Khalas, ya Hajja," wato shi ke nan, ya zuge mini jakar da kansa.

Injiniya ya zo ɗaukata. Tun daga nesa ya durƙusa a kan tayil ɗin mutane, kansa a ƙasa.

"Inna, sannu da hanya."

"Yawwa. An samu ƙaruwa."

"Alhamdu lillahi."

Iyakar hirarmu ke nan har Manfuha, unguwar da suke zaune. Tsohuwar unguwa ce ta masu neman na kai, 'yan Sudan, 'yan Bangaladash, 'yan Habasha, kowa a cushe a ɗakunan haya. Nasu ɗaki da falo ne a hawa na uku, mukayyif ɗinsu a maƙale a bango yana ruri kamar injin markaɗe. Na sami Kulu kwana tara da haihuwa tana wanka da ruwan buta guda mai ɗumi-ɗumi. Na ce inna lillahi, wannan ai wankan tsarki ne, ba na jego ba. Abinci kuwa shinkafa ce da kaza da suke kira kabsa, ba laifi, sai dai ba ta riƙe ciki, da wani burodi mai faɗin faifai da ake ci da dafaffen wake da safe.

Tun ranar da na sauka Injiniya ya bar mana gidan. Ina zai kwana a falo surukarsa na wucewa banɗaki? Ashe a shagon aikinsu yake shimfiɗa kwali. Nan ne wata Ba'amurkiya ta gano shi.

Kamfanin da yake wa aiki shi ke kula da wata unguwa mai katanga da masu gadi a arewacin gari, inda baƙin ma'aikata ke zaune da iyalansu. Ba'amurkiyar nan, Madam Linda, tana cikinsu, dattijuwa ce sa'ata, mijinta na koyarwa. Shekara huɗu Injiniya na gyara musu kaya. Da ta ji dalilin kwanansa a shago, sai ta ce za su tafi ƙasarsu hutun zafi na mako biyar, mu zo mu zauna a gidan, ɗakuna uku ne, shi kuma ya kula mata da shi. Ita ta yi mana takardar shiga a wurin masu gadi.

Kafin su tafi ta zaga da ni gidan, Injiniya na fassara yana kallon bango. A nan na fara ganin ikon Allah.

Gado ɗaya matashi shida. Na ce mutum nawa ke kwana a nan? Wai biyu. Huɗun ana sauke su ne in za a kwanta, da safe a mayar. Injin busar da wanki a cikin gida, alhali ranar da ke waje ko kilishi kika shanya kafin la'asar ya yi. Ga wata ƙatuwar kujera mai maɗanni a gefe, in an ja sai ƙafafunki su tashi sama, bayanki ya kwanta, ki koma kamar wadda za a yi wa awon ciki. Ta ce in gwada. Na ce na gode.

Kujerun falon kuwa ko ƙyalle babu a kansu. Masu tsada, masu laushi, amma a buɗe, mijinta ma na kishingiɗe a kan ɗaya da safa yana cin gyaɗa. Ni kujeruna shekara goma sha huɗu ban cire musu ledar kanti ba, kuma ba a zama sai an yi baƙo.

Sai ta kai ni wurin firiji ta nuna mini wata takarda da ta manna. Jerin ayyuka ne. Ranar kaza a canza rariyar mukayyif. Ranar kaza a buɗe kowane famfo ruwa ya zuba na ɗan lokaci, ko ba mai amfani da shi. Ranar kaza a danna wani farin faifai da ke manne a silin a ji ko yana ƙara. Na tambaya me ya lalace a cikinsu? Wai babu. Ana yi ne don kada su lalace. Mutanen nan, ku ji da kyau, abin da yake lafiya ƙalau shi suke gyarawa. Mu kuwa sai rufi ya fara zuba mu tara roba, in robar ta cika mu nemi bokiti.

Abu biyu ta maimaita har sau uku. Kada a kashe mukayyif, dare da rana, ko ba kowa a gidan. Sannan kada wata 'yar na'ura da ke ɗakin cin abinci ta rasa ruwa. Na'urar tana fesa wani siririn tururi mai sanyi a gefen wani dogon tebur na katako. Ta dafa teburin ta ce mahaifinta ne ya sassaƙa shi da hannunsa, ƙasa huɗu ta yawata da shi. Na duba shi. Duk shatin gindin kofi, ga ƙarce-ƙarcen yara, wani ma har sunansa ya rubuta da ƙusa. Kayan gadon uba, ko mayafi babu. Na ji kunya ta kama ni a madadinta.

Suna fita na ɗaura ɗamara. Na rufe kujeru da zannuwan gado. Na shimfiɗa wa teburin atamfata sabuwa fil, wadda ban ko ɗinka ba. Muka sa tabarma a ƙasa, don ba za a ce mun zo gidan mutane mun lotsa musu kujeru ba. Ruwan zafi kam, in faɗi gaskiya, a nan suka burge ni: kina murɗa famfo yana zuwa da tururinsa. Duk da haka sai na tafasa darbejiyata a babbar tukunya, safe da yamma. Kulu ta fara shan wanka na gaske, ga kunun kanwa, ga farfesu da yaji.

Maganar gobara kuwa, ga yadda aka yi. Na sa turaren wuta a kasko na kai ɗakin mai jego, sai farin faifan silin ya fasa ihu kamar an taka wutsiyar mage. Jariri ya ɗauka. Mai gadi ya zo a guje, wani ɗan Sudan mai kirki, ya ga kaskon, ya shaƙi ƙamshin, ya ce irin na garinsu ne, ya hau kujera ya kashe abin. Shi ke nan gobarar. Wadda ta ce an kira 'yan kwana-kwana, ita da Allah.

Matsalar gidan sanyi ne. Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, ga mai jego ɗanya, ga jariri. Kowa ya san sanyi in ya shiga ƙashin mai jego, sai tsufa ya zo ya tone shi. Don haka Injiniya na fita aiki da safe, sai in danna maɓallin bango in kashe mukayyif ɗin gidan gaba ɗaya. 'Yar na'urar tururin ma na zare ta. Wa ya taɓa jin ana ba katako danshi? Mu da damina ƙofa kumbura take yi ta ƙi rufuwa. Na ce baiwar Allah nan ba ta san tana ruɓar da kayan ubanta ba, bari in taimake ta.

Da yamma ya dawo ya tarar da gida kamar tanda. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo.

"Inna, sannu da gida."

"Yawwa, sannu da aiki."

"Gidan kuwa ya ɗan yi ɗumi."

"Ai haka ake so," na ce.

Ya tashi, ya kunna komai, ya zuba wa na'urar ruwa. Washegari yana fita na kashe. Kwana biyu sai Kulu ta ce, "Inna, wai ya ce in ba damuwa, ko za a riƙa barin na falon."

"Shi ya taɓa haihuwa?"

"A'a, Inna."

"To ya bar wa masu ita."

Ban ɓoye muku ba, na gane abin da yake nufi sarai. Amma yadda maganar ta iso gare ni, a lulluɓe da "in ba damuwa", sai na ɗauka shi ne mai jin zafi. Ba wanda ya ce mini, "Inna, in kika kashe, abu kaza zai faru." Shi ba zai iya ba, ni surukarsa ce. Ita ba za ta iya ba, ni uwarta ce. Atamfar da na shimfiɗa ma bai taɓa ɗagawa ya duba ƙarƙashinta ba, don hannuna ne ya sa ta. Haka muka yi mako uku, yana kunnawa ina kashewa, muna gaisawa cikin mutunci.

Wata Talata bayan azahar ina tsefe wa Kulu kai, sai muka ji ƙas, kamar an harba bindigar toka a ɗakin cin abinci. Na je na ɗaga atamfa. Teburin ya tsage daga wannan kai har kusan tsakiya, tsagar da ɗan yatsana ke shiga. Ashe iskar garin ba irin tamu ba ce, a bushe take ƙayau, in zafi ya haɗu da ita tsotse katako take yi har ya dare. Tururin nan da nake zarewa, shi ne ruwan shansa.

Injiniya ya dawo ya gani. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya fita. Tuwon da na tuƙa masa da miyar kuka, a rufe ya kwana.

Kulu ce ta warware mini damuwarsa. A can ba a zama sai da takardar zama, iƙama suke kiranta, tasa kuma a hannun kamfanin take, ta Kulu a jingine da tasa, ta jaririn ma ba a gama ba. In Madam Linda ta kai ƙara cewa ta ba mai gyara amanar gida ya lalata mata kaya, sallama ce, in an sallame shi kuwa sai dai su tattaro su dawo Haɗeja, shekara bakwai na wahalarsa sun tafi a banza.

Na ce a nemo garin katako da gam a cusa a shafe da mai, kamar yadda kafintocinmu ke yi. Kulu ta kai masa, ta dawo: wai matar ta san kowane tabo a teburin nan kamar fuskar 'ya'yanta. Na ce to a bar atamfar a kai, a ce kyauta ce na ba ta.

Kulu ta ce, "Inna, har abada?"

Mako biyun da suka rage ban sake taɓa maɓallin nan ba. Na zauna cikin sanyi da rigar sanyin Kulu da safa biyu, na lulluɓe mai jego da bargo uku, ni da kaina nake zuba wa 'yar na'urar ruwa ina harararta. Tsagar dai ba ta koma ba.

Ranar da suka dawo, Madam Linda ta shigo da fara'a, ta karɓi jariri tana masa wasa. Injiniya ya ce yana da magana, ya kai ta wurin teburin, ya janye atamfar. Turanci ba na ji, amma ina da kunne. Na ji "sori" sau uku, na ga yana nuna ƙirjinsa. Ɗaukar laifin yake yi.

Shekara shida da aurensu ban taɓa kallon tsabar idon yaron nan ba. Ranar na kalla.

"Kai, dakata. Faɗa mata abin da zan faɗa, kuma kada ka rage ko ɗaya. Ina ji."

"Inna, da kin bari..."

"Na ce ka faɗa mata."

Na ce ni na kashe, ni na zare, kullum, mako uku. Na ce shi kunnawa yake yi. Na ce in akwai wanda za a kora daga ƙasar nan ni ce, dama jakata a ɗaure take. Yana fassarawa gumi na zuba masa cikin wannan sanyi.

Ta daɗe tana bin tsagar da yatsa. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu. Mijin ya dafa kafaɗarta. Sannan ta tambayi dalili. Na ce mai jego ba ta son sanyi. Sai ta wuce ɗakin da Kulu ke kwana, ta miƙa hannu ta ja wani ɗan ƙarfe a jikin ragar da iska ke fitowa. Sanyin ɗakin ya ɗauke, na sauran gidan na nan. Ta buɗe kabat ta fito da bargo mai waya, wanda ake jonawa ya yi ɗumi. Mako biyar yana nan, taku uku daga inda nake zama.

Ta juyo kan Injiniya, muryarta ta canza. Sai da na matsa masa ya fassara.

"Wai na san da wannan, na kuma san kina kashewa, me ya sa ban gaya miki ba."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ke ce mahaifiyar matata."

"Ita kuma ta ce me?"

"Wai... to sai me?"

Na ce ya gaya mata, a wurinmu yaron da zai tsaya a gaban surukarsa ya koya mata yadda ake jego, ba a ba shi tarbiyya ba. Wannan da take gani, tarbiyya ce ta yi masa yawa. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai, ba ta ce ta gane ba, ni ma ban ce na gane nata ba.

Sai a lokacin ta lura da falo. Ta ɗaga zanen gadon da ke kan kujera, ta ga tabarmarmu a naɗe a lungu. Ta tambaya ina muka zauna. Aka ce a ƙasa. Duk makonnin nan? Aka ce e. Ku yarda da ni, ɓacin ran da ta yi a nan ya so ya fi na teburin. Wai ta ba mu gida ne don mai haihuwa ta ji daɗi, ba don mu yi gadin kujeru ba. Wai kujera in ba a zauna a kanta ba, me aka saye ta ta yi?

Na ce a tambaye ta maganar kamfani, don ni ita ce a raina. Ta ce tebur nata ne, ba na kamfani ba, ba ruwansu da shi. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, Injiniya zai nemo kafinta na ƙwarai, su gyara tare. Na biyu, ta nuna ni, ta nuna kujerar nan mai maɗanni.

Na ce Kulu, gaya wa mijinki ya fita. Madam Linda ta ce a'a, ai shi zai ja maɗannin, ita jariri ke hannunta.

Haka na zauna. Yaron nan ya durƙusa, fuskarsa na kallon ƙofa, ya laluba ya ja. Ƙafafuna suka tashi sama da safa biyu, a gaban surukina, a gaban mijin wata. Kulu ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Aka ɗora mini jariri a ƙirji. Da bulala goma aka yi mini da ta fi sauƙi. Abin haushin kuma, bayan nan nawa da ya shekara yana ciwo, a take ya yi shiru.

Kafin in taho na ga gyaran. Kafintan, wani ɗan Pakistan, bai ɓoye tsagar ba. Ya sassaƙa wasu 'yan katakai uku baƙaƙe masu siffar kalangu, ya dasa su a gicciye suka riƙe ta, ko makaho ya shafa zai ji. Na ce wannan wane irin gyara ne, kowa na gani? Madam Linda ta ce haka take so. Ta nuna sunan da aka rubuta da ƙusa ta ce na ɗanta ne, ta nuna wata ƙuna ta ce ta ƙanwarta ce, ta dafa tsagar ta ce wannan kuma ta jaririn Kulu ce. Mutanen nan ba za ki taɓa gane musu ba. Injiniya dai yana nan a bakin aikinsa, takardar yaro ma ta fito.

Da na dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, na tsaya ina kallon kujeruna. Na ce bari dai in ga ɗaya. Na farke ledar ta tsakiyar. Gara ta cinye katakon ta ciki, soson ya zama gari, ɓera har ya yi jego a ciki ya tashi. Shekara goma sha huɗu ina tsaron leda.

Sauran biyun ban buɗe ba. Wadda ta zo jin labari, ga tabarma nan.